Kiran Da Ba A Amsa Ba

A zamanin da, tun ayari yana cin watanni a hanya kafin ya hango ganuwar wani gari, an yi wani sarki ana ce masa Sarki Maiwada. Birninsa mahaɗar hanyoyi ne, fatake na gabas da na yamma duk a zangonsa suke kwance kaya. Wannan sarki ne ya wayi gari ya sa aka yi shela cewa ya hana faɗin kalmar "Baba" a ƙasarsa, kuma duk gidan da aka ji yaro ya furta ta, maigidan zai tafi kurkuku.

Kada mai sauraro ya yi saurin cewa sarkin ya haukace. Bai haukace ba, zuciyarsa ce ta karye, kuma in zuciyar sarki ta karye talakawa ne ke fara jin ƙarar. Ga yadda abin ya faru.

Sarki Maiwada ya daɗe bai haihu ba, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da Allah ya kawo rabo sai aka haifa masa 'ya mace, amma uwar ba ta tashi daga haihuwar ba. Aka raɗa wa jaririya suna Zulai. A lokacin matar Shamaki Dogara, mai kula da bargar sarki, tana goyo, sai aka miƙa mata ita ta shayar da ita tare da nata.

Sarki yana son 'yar nan kamar ransa, sai dai 'yar fari ce, shi kuwa mutum ne mai riƙon al'ada. Kunyar ɗan fari ta hana shi ɗaukarta, ta hana shi kama sunanta. In yana so ya ji lafiyarta sai ya dubi gefe ya ce, "Yaya yarinyar gidan Shamaki?" kamar mai tambayar wani doki da ya yi targaɗe. Fadawa kuwa sai yabon kunyarsa suke yi. Ni dai ban san wanda ya fara wannan al'ada ba, da na san shi da na tambaye shi inda yake ɓoye hannuwansa in ɗan ya rarrafo gabansa.

Wata rana da hantsi fada ta cika, Shamaki ya shigo da wani saƙo na barga, yarinyar tana kafaɗarsa domin ta ƙi yarda a sauke ta. Da ya durƙusa gaisuwa, sai ta miƙa hannuwa biyu ta ce, "Baba." Sarki ya ji ta sarai, amma idon jama'a na kansa. Ya ja amawali ya rufe baki, ya juya wajen Alƙali ya ci gaba da maganar iyakar wata gona. Yarinya ta sake faɗa. Shamaki ya ɗauke ta ya fita. Watan bai ƙare ba ƙyanda ta shigo gari ta kwashe yara da yawa, har da Zulai.

Sarki bai yi kuka a gaban kowa ba, domin kukan ma kunya ta hana. Ya daina cin abinci sai kaɗan, ya rame, kunnensa ba ya jin komai sai wannan kira. Ana haka sai wani bafade mai suna Cindo, wanda ya daɗe yana ƙyashin muƙamin Shamaki, ya sami sarki shi kaɗai ya ce, "Ranka ya daɗe, a duk gidan nan wa ke kiran sarki da wannan suna? Babu. To ina ta samo shi? 'Ya'yan Shamaki ne ke kiransa haka. Shi ya koya mata, shi take kira ran nan. Bawa ya mai da 'yar ubangidansa tasa."

Maganar ta yi wa sarki zafi, amma a ƙarƙashin zafin akwai wani sauƙi. In ba shi ta kira ba, to bai ƙi amsa mata ba ke nan. Ya rungumi wannan magana hannu biyu. Ya sa aka ɗaure Shamaki, ya ce kansa ne zai biya, sa'an nan ya sa aka yi shelar nan da na faɗa muku. Gari ya rikice. In dogarai suka doso unguwa sai ka ga mata suna cusa wa jarirai nono a baki, ko suna jin yunwa ko ba sa ji. Duk da haka kurkuku ya cika da magidanta waɗanda laifinsu kawai 'ya'yansu sun yi murnar ganinsu.

Wazirin sarki wani dattijo ne mai sanyin magana, sunansa Hankurau. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. An ce Shamaki ya ba yarinya abin da bai kamata ba. Kafin a zubar da jininsa, ina roƙon a bar ni in binciko wannan kalma, a san ta su wane ne, daga ina ta fito, da me take nufi. In ta tabbata sai an koya wa yaro yake faɗinta, ni da kaina zan miƙa shi ga hauni ya sare masa kai." Sarki ya ce, "Na ba ka har saukar ruwan shuka."

Waziri ya fara da malamai. Wani ya ce asalinta Larabci ne, daga sunan uba a harshensu. Wani ya ce a'a, ta girmi zuwan Larabawa ƙasar nan, domin kakannin kakanni da ita suka tashi. Suka kawo hujjoji masu nauyi, kowanne da gaskiyarsa, amma babu wanda ya iya kai ta ƙarshen hanya. Limamin gari ya ce, "Waziri, iyakar abin da muka sani ke nan. Ka je zango, can ne harsuna suke taruwa."

A zango kuwa abin sai ya kusa zama faɗa. Wani Bayarabe mai sayar da tufafi ya ce tasu ce, da ita yake kiran mahaifinsa. Wani Bafillace da ya kawo shanu ya yi murmushi ya ce a ruga suka ara. Balaraben Masar ya ce 'ya'yansa ma haka suke kiransa, wani Baturke da ke tare da shi ya dafa ƙirji ya ce ba a faɗinta daidai sai a garinsu. Wani mutumin ƙasar Hindu mai turare ya ce su har tsoho mai yawan ibada haka suke ce masa. Can sai wani alhaji da ya sha yawon duniya ya ce ya taɓa zama da mutanen wata ƙasa mai tsananin sanyi, su kuwa tsohuwa suke kira da ita, ba namiji ba. Aka yi masa dariya, ya rantse. Kowa ya nace cewa sauran ne suka ɗauka daga wurinsu, har sai da sarkin zango ya shiga tsakani.

Waziri ya koma gida yana ta juya abin. Duk hajar da ke zangon nan an san inda aka loda ta, gishiri daga arewa, goro daga kudu, kowa ya san wurin wanda ya saya. Wannan kalma ce kaɗai kowa ya iso da ita kuma babu wanda ya tuna ranar da ya karɓa. Da ya kai nan a tunani sai ya sa aka ɗaura masa sirdi, ya bar birni ya shiga ƙauyuka yana tambayar wani abu da bai gaya wa kowa dalilinsa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kafin ya dawo.

Ranar da ya dawo ya shigo fada da wani mutum da matarsa, masu kiwon awaki a bakin daji nesa da mutane, matar tana goye da yaro wanda bai fara tafiya ba. Waziri ya karɓi yaron ya zaunar da shi a kan shimfiɗa a tsakiyar fada, ya ba shi carbi yana wasa, ya koma mazauninsa. Sarki ya kau da kai, domin tun rasuwar nan ba ya iya kallon jariri. Aka yi ta jira har fadawa suka fara duban juna. Can yaro ya jefar da carbi, ya waiwaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ba-ba, ba-ba."

Dogarai suka zabura. Waziri ya ce, "Doka ta hau gidan nan, ranka ya daɗe. A kama wanda ya koya masa." Sarki ya ce wa mutumin, "Kai ka koya masa?" Mutumin bai motsa ba. Waziri ya ce, "Ba zai amsa ba. Kurma ne kuma bebe tun haihuwa, matarsa ma haka. Yaron nan bai taɓa jin maganar ɗan Adam a gidansu ba, sai kukan awaki."

Ana cikin haka uban ya hangi leɓɓan ɗansa suna motsi. Bai ji komai ba, bai san da wata doka ba. Ya rarrafo a gaban sarki da fadawa, ya bugi ƙirjinsa da tafin hannu yana dariya, ya ɗauke yaron ya rungume. Sarki ya zuba masa ido bai ƙifta ba.

Waziri ya ce, "Ga abin da na samo, Allah ya taimaki sarki. Kalmar nan ba ta Larabawa ba ce, ba ta Fulani ba, ba tamu ba. Asalinta bakin jariri. Ya haɗe leɓe ya buɗe, ita ce mafi sauƙin abin da zai fito, shi ya sa aka same ta a ƙasashen da ba su san juna ba. Ma'anarta kuwa manya ne suka ba ta. Inda uba ya waiwaya ya amsa, ta zama uba. Inda tsohuwa ta riga shi, ta zama tsohuwa. Yaro yakan jefa ta ne kawai, wanda ya amsa shi ne mai ita. Ba sai Shamaki ya koya wa kowa ba."

Sarki ya ce a kawo Shamaki. Aka shigo da shi da mari a ƙafa, ya tsufa a 'yan watannin nan kamar an ƙara masa shekaru. Sarki ya ce, "Dogara, na ji ba kai ka koya mata ba. Amma Waziri ya ce wanda ya amsa shi ne mai ita. A gidanka ta tashi. Kai ka amsa mata, ko ba haka ba?" Yana tambaya yana fatan a ce masa e, domin ko ba komai a ce wani ya amsa.

Shamaki ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ran da aka kawo ta na hana 'ya'yana kirana haka a gabanta. Da ta fara faɗa, takan kama gemuna ta faɗa, ta maimaita, tana kallon bakina. Wallahi sai in ciji leɓe in kau da kai. Na ce a raina wannan amsa ba tawa ba ce, tana da mai ita, ba zan ci amanar ubangidana ba. Kullum da safe nakan tsaya da ita a ƙofar barga lokacin da sarki zai wuce, don ta san fuskarka. Ran nan ma babu wani saƙon barga da ya kai a shigo fada. Na kawo ta ne don ta faɗa maka." Ya ƙarasa da cewa, "Har ta rasu babu wanda ya taɓa amsa mata."

A nan ne kunyar Sarki Maiwada ta ƙare. Hawaye suka jiƙa amawalin da ya saba ɓuya a bayansa, bai share ba, bai kuma damu da wa ke kallo ba. Ya sauko daga karaga ya kwance marin Shamaki da hannunsa, ya ce, "Kai ladabi ya hana ka, ni kunya ta hana ni. Naka uzuri ne, nawa kuwa ban san sunan da zan ba shi ba. Ka yafe mini, Dogara."

Ya mayar wa Shamaki muƙaminsa, ya ƙara masa girma. Ya sa aka buɗe kurkuku aka sallami duk wanda dokar ta kama. Cindo kuwa aka tuɓe masa rawani, aka ce ya bi gidajen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, ya shaida musu an janye doka, ya nemi gafararsu a madadin kansa da na sarki. Makiyayin da matarsa aka mai da su gida da garken awaki wanda ya fi nasu, ba su ma san abin da suka yi ba.

Da aka tashi daga fada sarki bai shiga gida ba. Ya nufi bayan gidan sarauta inda ake binne 'yan gidan, Waziri da Shamaki da fadawa suna biye, ga hadari ya rufe rana. Ya tsaya a kan wani ɗan ƙaramin kabari wanda bai taɓa zuwa ba, ya durƙusa ya dafa ƙasar. Ya buɗe baki ya kama sunan, harshensa yana tuntuɓe saboda rashin sabo, ya ce, "Zulai." Ya kasa kunne kamar mai sauraron wani abu. Sa'an nan ya ce, "Na'am." Ya sake cewa, "Na'am," domin sau biyu ta kira shi.

Ruwan shuka ya sauka a ranar, ƙasa ta zauna lafiya, yara suka koma kiran iyayensu a bakin ƙofa ba mai tsoro. Sarki Maiwada bai sake haihuwa ba. Masu ba da wannan hikaya sun ce har ya tsufa, in yana wucewa ta cikin gari ya ji ɗan wani ya ce "Baba," sai ya ja linzami ya tsaya. Ba ya tafiya sai ya ji an amsa.