Man da Aka Shafa a Bayan Tulu

Ku samari da 'yan matan yanzu, kunnuwanku nake nema, ba fuskokinku ba. Fuskokin na gan su tun daga ƙofar majami'a, suna ƙyalli kamar an tsamo ku daga kaskon suya. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Akwai wani manomi mai suna Barnaba, yana zaune da mahaifiyarsa, tsohuwa Lai'atu. Tsohuwar tana da wani irin wake da babu shi a kasuwa, ƙanana, jajaye, masu nuna tun gero bai fid da kai ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa yara suna kwana da yunwa. Daga ƙauyensu na kan dutse ta sauko da shi, ƙulle a bakin zane, ranar da aka kawo ta aure. Ƙauyen ya daɗe da watsewa, ko kufansa ba a ganewa. Waken nan ne kaɗai abin da ya rage mata na gidan ubanta.

Kowace kaka takan ware na iri a ƙwarya, ta ɗiga man gyaɗa kaɗan, ta yi ta murzawa da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha. Sa'an nan ta juye a ɗan tulu, ta liƙe bakin da laka, a saka shi can tsakiyar rumbu. Barnaba ya tashi yana ganin haka. Bai taɓa tambaya ba, bai kuma taɓa yarda ba. A ganinsa mai na girki ne da shafawa a jiki. Me ya kai shi cikin iri?

Wata shekara sanyin ƙashi ya kama hannuwan tsohuwa, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ta kira ɗanta ta miƙa masa tandun mai, ta ce ya murza wa waken yadda take yi, kada ya bar ƙwaya ɗaya a bushe. Ya ce to.

Barnaba ba malalaci ba ne. Ya yaɓe rumbun, ya ɗora masa sabuwar jinka, ya toshe ramukan ɓera. Da ya zo kan iri sai ya yi tunani irin nasa, cewa ɓarna daga waje take zuwa, in bango ya yi ƙarfi me zai sami na ciki? Ya zuba waken a bushe, ya liƙe, ya shafe bayan tulun da man tas, har yana ɗaukar ido. Da ya mayar da tandun, tsohuwa ta girgiza ta ji babu kome, ta sa masa albarka. Ya karɓi albarkar ya fita.

Duk ranin nan tana zaune a gindin rumbu tana kallon dutse daga nesa, tana ba shi labarin uwarta da yadda take dafa waken da 'yar kanwa, ƙamshin yana saukowa har bakin rafi. Takan ce in dai ta kai sabon wake, ko bakinta bai tauna ba, hancinta zai je gida.

Ruwan shuka ya sauka. Barnaba ya fasa lakar, ya karkata tulun, sai gari da ƙwari suka zubo masa a tafin hannu. Kowace ƙwaya ta huje. Ashe ƙwan ƙwaro tun daga gona yake maƙale a jikin wake, man da ake murzawa shi ke kashe shi. Ya shuka haka nan, ko ɗaya bai tsiro ba. Sai ya je kasuwa a ɓoye ya sayo wani jan wake ya shuka. Da ya nuna, aka dafa, ya kai wa tsohuwa da hannunsa.

Ta shinshina, ta sa ɗaya a baki, ta daɗe tana juya shi. Sa'an nan ta ajiye akushin.

"Ɗan nan, ina ka sa man?"

"A bayan tulu, Inna."

"Tulun ya yi kyau?"

"Ya yi kyau."

"To, sai mu ci tulun."

Ba ta ƙara masa magana a kai ba. Ta dai daina zama a gindin rumbu, ba ta kuma sake kallon dutsen ba.

Ga ma'anar misalin, ku riƙe ta. Tulun nan jikinku ne. Irin shi ne bangaskiyar da iyayenku suka ɗauko da wahala suka damƙa muku. Ƙwaron zunubi ne, kuma ba ta katanga yake shigowa ba, da shi kuka zo. Man kuwa aikin Ruhun Allah ne, wanda ake samu a addu'ar ɓoye da tuban gaskiya. Jikata mai koyon aikin asibiti ta ce mini a cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai ɗan ɗaki na tsakiya inda aka ajiye abin da ya gado daga iyaye, kuma har can ciki akwai maiƙo yana aikinsa, ba a bango kaɗai ba. Ban yi mamaki ba. Wanda ya yi mu bai bar tsakiya a bushe ba. Ku ne kuke shafe waje da farin kaya da waƙa mai daɗi, ciki kuwa ƙwari suna ci ba ƙara.

Lai'atu ta rasu kafin wata damina. Barnaba ya tsufa yana bin kasuwanni, yana tsugunnawa gaban masu wake, yana tambayar wani ƙarami ja mai nuna kafin gero. Ya hau dutsen ma, ya tone ciyawar kufai da yatsu. Jikokinsa sukan tambaye shi yadda ɗanɗanon yake, sai ya nuna musu tulun. Tulun yana nan a ɗakinsa, yana ƙyalli, babu kome a ciki.