Babban Ɗigon da ke Taswirar Usama

Akwai wani matashi a nan Bauchi mai suna Usama, ƙaramin malami a wata jami'a, yana haya a Yelwa. Digiri na uku yake yi a wani fanni da mahaifiyarsa ta gaji da tambayarsa ma'anarsa. A taƙaice dai, kwamfuta yake sawa ta nuna masa yadda magana ke yawo cikin jama'a, wa ya faɗa wa wa, ta ina ta bi, a ina ta tsaya.

Kansa yana ja, ba ƙarya. Matsalar ita ce ya san yana ja.

Matan da ke zaune a kewayen barikin Shadawanka ya zaɓa don bincikensa, matan sojoji da matan cikin unguwa. Da farko ba wadda ta kula shi. Namiji baƙo da jaka da tarin tambayoyi, wa za ta saki baki da shi?

Wadda ta shigar da shi ita ce Patricia, mai kitso a wata rumfa a bakin titi. Mijinta ya rasu, da kitson take riƙe da 'ya'yanta. Duk wadda ta zauna a gabanta, mai zuwa coci ko mai zuwa Islamiyya, sai ta ce mata ta amsa wa yaron nan, karatu yake nema. Shi kuma ya rantse musu cewa sunan kowa ba zai fita ba.

Sunaye kam ya goge. Kowace mace ta zama ɗigo a fuskar kwamfuta, da zare tsakanin duk biyun da ke ba juna labari. Da taswirar ta fito, sai ga ɗigogi sun kasu gida biyu kamar an zuba wake tsibi biyu, na bariki daban, na unguwa daban. A tsakiya ga wani babban ɗigo guda da ya haɗa su. Usama ya gwada cire shi, kwamfuta ta nuna cewa in babu shi, labari ba ya tsallakawa daga wannan tsibi zuwa wancan.

Daɗi ya kashe shi. A ƙarƙashin ɗigon ya rubuta: mai kitso, bakin titi.

Amatullah, wadda suke ofis ɗaya, ta leƙa ta gani.

"Malam Usama, goge wannan. Masu kitso nawa ne a wurin?"

Ya yi dariya. Ya ce in ya goge, binciken ya zama miya ba gishiri, kuma yaushe waɗannan matan za su karanta abin da aka rubuta da Turanci? Ta ƙara magana, ya ce mata ta ji da nata aikin da ya ƙi gaba.

A lokacin, wata cibiyar bincike a ƙasar waje ta sa shi cikin waɗanda za ta ba tallafi, abin da ya daɗe yana mafarki. Sharaɗinsu ɗaya ne, ya koma wajen matan nan bayan damina ya sake yi musu tambayoyin. Maimakon ya kama bakinsa, sai zumuɗi ya ɗebe shi ya ɗora taswirar a Fesbuk, da Hausa ma, don abokai su san ba wasa yake yi ba. Ya rubuta a sama: ga hanyar da jita-jita ke bi.

Ba a daɗe ba kuwa da wata jita-jitar masu satar yara ta hana iyaye barci a yankin. Hoton ya shiga wayoyin mata. Ba wadda ta karanta bayanin da ke ƙasa, cewa ta nan ne kuma labarin rigakafi da na haihuwa da na rasuwa ke bi. Babban ɗigo suka gani, suka ga mai kitso, suka ce ashe ita ce.

Mazaje suka hana matansu zuwa. Waɗanda ba a hana ba suka hana kansu, don kowace ta tuna wani sirri da ta taɓa faɗa kanta na kan cinyar Patricia. Abin da ya fi ba ni takaici, matar nan ba ta taɓa ƙirƙirar ƙarya ba. Laifinta kawai kowa yana zuwa wurinta.

Da Usama ya je, ya same ta zaune ita kaɗai, mataji a hannu.

"Anti, wallahi ban sa sunanki ba."

"Na sani, ƙanena," in ji ta. "Ka cire suna, ka bar ni a ciki."

Kafin damina ta ɗauke ta rufe rumfar, ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu.

Lokacin zagaye na biyu ya yi. Duk gidan da ya yi sallama, sai a ce matar gidan ba ta nan, alhali yana jin muryarta. Nan idonsa ya raina fata. Amatullah ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Shawara ta ba shi ya ɗauki muryarsa da Hausa, ya ba da haƙuri, ya wanke Patricia.

Ya yi hakan. Da ƙyar wata dattijuwa, Aishatu, ta yarda ta tura wa matan unguwa. Ya roƙe ta ta tura wa na bariki su ma.

"Ɗan nan, wa na sani a can? Ai a rumfar Patricia muke haɗuwa."

Saƙon ya yi ta zagaye a tsibi guda, bai tsallaka ba. Rabin matan ba su ji shi ba har yau. Ba zagaye na biyu, ba tallafi, aka ba wani.

Ranar da amsar cibiyar ta zo, Usama ya buɗe taswirarsa ya cire babban ɗigon, kamar yadda ya sha yi a gaban ɗalibai yana alfahari. Tsibi biyu suka rabu. Lissafinsa bai yi kuskure ko kaɗan ba, shi da hannunsa ya tabbatar da shi a kan matar da ta buɗe masa ƙofa.

Darasi: Goge suna ba shi ne riƙon amana ba. Bayan kowane ɗigo a aikinka akwai mutum mai mutunci da bakunan da yake ciyarwa, kuma magana zarar bunu ce. In na kusa da kai ya ce ka dakata, ka dakata. Ku tura wa ɗalibai da malamai da duk wanda mutane ke ba sirrinsu don aikinsa.