Tankin Ruwa a Tsakiyar Gada

Akwai wani mai aikin famfo a unguwarmu, nan San Pedro de Macorís, ana ce masa Radhamés. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. In bututun gidanka ya fashe, shi za a ce ka kira.

Mahaifinsa, Don Fello, a wurinsa yake zaune, a ɗakin sama. Tsohon ya yi tashe a ƙuruciyarsa, don shi ne mai jifa a ƙungiyar besbol ta masu aikin rake, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buga da sanda. Yanzu ciwon suga ya kassara masa ƙafafu, ko taka ƙasa ba ya iyawa.

Shekara da shekaru Radhamés ne ke yi masa komai: wanka, canjin kaya, allura. In za a je asibiti, shi ke goya shi ya sauko da shi ta matattakalar ƙarfen nan mai murɗiya, wadda ko mai lafiya sai ya dafa. Tsohon kuma ya kafe, ba ya hawa bayan kowa sai nasa.

Kullum da safe Radhamés zai shigo da kofi da dakakkiyar ayaba, ya nemi albarka kamar yadda al'adarmu take, ya ce, "Albarka, Papá."

"Allah ya yi maka albarka," in ji tsohon. Daga nan sai mita. "Wannan kofi ne ko ruwan wanke kofi?"

Sannu ko na gode ba su taɓa haɗa su ba. Radhamés ya saba, bai ɗauki abin a bakin komai ba, sai da ƙanensa ya dawo.

Eliezer ke nan, autan gidan, wanda ya daɗe a New York. Ya dawo da sarƙa a wuya da ƙamshin turare, ya gina gida a tsallaken titi, ya ja intanet. Yaro ne mai fara'a da ladabi, gaskiya ba shi da laifi. Amma tun ranar da ya sauka Radhamés ke jin wani abu yana sukarsa a ƙirji.

Don Fello yana da amini guda a duniya, Chencho, wanda ke cafke masa ƙwallo tun suna samari. Chencho yana unguwar Bronx a New York, wurin 'yarsa. An yi masa aiki a maƙogwaro, muryarsa ta tafi gaba ɗaya. In an haɗa su a waya, Don Fello zai yi ta zuba shi kaɗai, can ɓangaren kuma shiru, har ya gaji ya ajiye, ya juya fuska bango.

Eliezer ne ya samo dabara. Ya kawo na'urar gem mai wasan besbol, 'yar Chencho ma ta saya wa babanta irinta. Tunda bakin Chencho ya mutu amma hannunsa na nan, sai su riƙa haɗuwa a fili kamar da.

Matsalar ita ce sabis. Daga gidan Eliezer zuwa ɗakin tsohon akwai titi, ga bangon bulo cike da rodi. Na'urar ta kasa kamo komai.

Sai ya sayo wasu fararen faranti biyu. Ɗaya ya kafa a rufin gidansa, ɗaya a rufin yayansa, ya saita su suna fuskantar juna. Daga na biyun ya jawo waya ta taga har bayan na'urar.

"Wannan ita ake kira gada," ya ce wa Radhamés suna tsaye a kan rufin. "Wancan ya miƙo, wannan ya karɓa, waya ta sauke wa Papá. Sharaɗinta ɗaya, sai suna ganin juna ido da ido. Kada komai ya shiga tsakani, musamman ruwa. Ruwa shanye sabis yake yi."

"To, injiniya," in ji Radhamés. "Mun gode da karatu."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, aka kunna. Sunan Chencho ya fito a talabijin da ɗan koren ɗigo a gefensa, alamar yana kan layi. Don Fello ya sa abin magana a kunne, ya jefa ƙwallon farko. Chencho ya maka mata sanda ta fice daga fili.

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. "Kai tsohon ɓarawo, ashe har yanzu kana karanta hannuna. Tsaya ka ga ta biyu."

Rabon da a ji dariyarsa haka tun matarsa na da rai.

Daga ranar Lahadi ta zama tasu. Da yake su biyu suka san abin da suke tattaunawa, sai Don Fello ya ce a ja masa ƙofa. Duk wanda ya zo gaishe shi kuwa, labari ɗaya zai sha.

"Kun ga abin da Eliezer ya yi mini? Yaron nan ya ɗauko Bronx ya ajiye mini a ɗaki. Kansa na ja, ni ya biyo."

Radhamés yana tsugune a gefen gado yana yanke masa farce, yana ji. Eliezer, Eliezer, Eliezer. Wanda bai taɓa zubar da fo ko sau ɗaya ba. Wanda ya zo da kwali biyu ya hau rufi na rabin yini, shi ne ɗa. Shi kuwa da bayansa ya ƙage wurin goyo, kofinsa ma ruwan wanki ne.

Kishi ya cika shi fal. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya hau rufi ya ga farantin nan yana ƙyalli a rana, ji yake kamar dariya yake yi masa.

Matarsa Miguelina ta lura. "Kai da ƙanenka kake wannan kumburin? Tsohon nan dariya yake yi, mene ne naka na ɓata rai?"

"Wa ya ce miki raina a ɓace yake?"

"Fuskarka ce ta gaya mini. Ko kare ya gan ta sai ya canja hanya."

A garinmu kowa da baƙin tankinsa a kan rufi, don ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa. Na Radhamés yana can kusurwar baya, inda ba ya tare wa kowa komai. Wata Asabar ya tashi ya ce ruwan banɗaki ba shi da ƙarfi. Ya juye tankin, ya ja shi ƙiii har gaban rufin, ya ɗora shi a kan bulo daidai hancin farantin. Ya haɗa bututu, ya cika shi taf. Aiki mai kyau, irin na gwani.

Washegari aka kunna na'ura, ta yi ta juyi, ta ƙi shiga. Eliezer ya leƙo daga rufinsa, kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya tsallako ya sami yayansa a tsakar gida, ya rage murya.

"Yaya, tankin nan ne ya tare gadar."

"To?"

"Ko za a ɗan matsa da shi? Taku biyu ma ya isa."

"In matsa da shi ruwa ya daina hawa? Da gem ɗin za ka yi wa Papá wanka? Ka taɓa yi masa ma?"

Eliezer ya haɗiye maganar. "To bari in ɗaga farantin a kan dogon ƙarfe."

"A lokacin guguwa? Iska ta cire shi ta faɗa kan 'ya'yan mutane, sunan wa za a kira? Rufina ne, ƙanena. Nan ba New York ba ce."

"To ka goyo shi zuwa gidana, su yi wasan a can."

"Bayana na ciwo."

Radhamés ya hau ya ja ƙofar rufin ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Eliezer ya hau wurin mahaifinsu. Radhamés ya laɓe a matattakala yana jiran ya ji an kai ƙararsa. Sai ya ji ƙanen yana cewa, "Papá, laifina ne. Kayan da na sayo ne suka ba da matsala, amma ina kan gyara."

"Kayan New York ke nan," in ji tsohon. "Ƙyalli a waje, ciki fanko. Irin sarƙar wuyanka."

Daɗi ya kama Radhamés har kunne. Ranar kwano biyu ya ci na shinkafa da wake.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Don Fello ya daina ambaton Eliezer, amma dariyar ma ta tafi. Ko mitar kofi ya bari. Sai ya sa a kunna masa na'urar, ya riƙe abin wasan a cinya yana kallon allo yana juyi. Eliezer ya sake roƙon yayansa, ya sake roƙo. Amsar ɗaya ce: sai wani satin, yanzu aiki ya yi yawa.

Radhamés ya gaya wa kansa cewa zai mayar da tankin. Yana so ne kawai a ɗan ƙara jin jiki, a san cewa ba komai ne ɗan New York ya iya ba.

Wata Talata da hantsi yana ƙarƙashin wani wurin wanke-wanke yana ɗaure bututu, wayarsa ta yi ƙara. Yokasta ce, 'yar Chencho. Muryarta a dashe.

"Radhamés, Papá ya rasu da safen nan. Kai na fara kira, don kai ka san yadda za ka gaya wa Don Fello."

Ya zauna daɓas a ƙasa, sifana a hannu.

"Mun san jikin ya yi nisa," ta ci gaba. "Shi ya hana mu faɗa, wai kada abokinsa ya riƙa jefa masa ƙwallon tausayi. Shekaranjiya ma sai da ya sa muka zaunar da shi, muka sa masa hular ƙungiyarsu. Ya riƙe abin wasan tun azahar har rana ta faɗi yana jira. Na ce masa sabis ɗinku ne ya lalace, ya yi mini alama da hannu wai a ƙara jira."

Yokasta ta ci gaba da magana.

"Kuma ina so in gode maka. Ni ban san ka sosai ba, amma duk Lahadi sai na sha labarinka, don a lasifika muke sa muryar Don Fello. Sai ya ce, 'Chencho, ƙaramin ya kawo mini na'ura, Allah ya yi masa albarka. Amma babban shi ne ƙafafuna. Ba na hawa bayan kowa, don a bayansa kaɗai nake rufe ido a matattakalar nan.' Papá ya rubuta mini in tambayi Don Fello ko ya taɓa gaya maka. Ya ce a'a, wai mai jifa ba ya yabon hannunsa na dama, amfani da shi yake yi."

Bai san yadda ya iso gida ba. Kai tsaye rufi ya hau, ya kwance bututun, ya bar ruwan ya kwarara. Maƙwabta suka fito suna kallon ruwa mai tsada yana bin kwata, suna tambayar ko lafiya. Bai kula kowa ba. Ya rungumi tankin ya ja shi ƙiii zuwa kusurwarsa ta da.

Da ya sauko, ya tarar da Eliezer zaune a bakin gado, idanunsa jajur. Yokasta ta kira shi shi ma, kuma ya riga ya faɗa. Na'urar a kunne take. Ta kama sabis nan take, ga sunan Chencho a allo, sai dai babu koren ɗigo.

Radhamés ya durƙusa. "Papá, matsalar ba daga kayan Eliezer ba ce."

"Na sani."

Radhamés ya ɗago kai.

"A ƙarƙashin rufin nan nake kwance dare da rana," in ji tsohon, idonsa na kan allo. "Na ji lokacin da ka ja shi gaba, yanzu ma na ji ka mayar. Ƙafa na rasa, ba kunne ba."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Jira nake ka mayar don kanka. Na ɗauka akwai lokaci."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne Radhamés, ƙaton mutum ya fashe da kuka kamar yaro. Da ƙyar ya iya buɗe baki.

"Albarka, Papá."

Tun da aka haife shi bai taɓa jiran amsar nan ba, sai ranar. Tsohon ya daɗe yana kallon sunan abokinsa. Can ya ɗora hannu a kan Radhamés.

"Allah ya yi maka albarka. Ni ma da nawa laifin, da na faɗa maka tun tuni." Ya ɗauko abin wasa na biyu ya miƙa masa. "Zauna. Ba ni da mai tare mini ƙwallo yanzu."

Har yau duk Lahadi Radhamés ne ke zama da shi, Eliezer na gefe yana koya masa inda zai danna. Gadar ba ta sake yankewa ba. Amma kafin a fara, sai Don Fello ya ce a buɗe masa jerin abokai, ya ɗan kalli sunan Chencho. A wannan lokacin Radhamés ƙasa yake kallo.

Darasi: Kishi ba ya tsayawa a kan wanda ka nufa da shi. Radhamés ƙanensa ya so ya kunyata, amma mahaifinsa ya raba da amininsa, kuma abin da ya tare bai dawo ba ko da ya janye tankin. In ɗan'uwanka ya kawo alheri gida, kada ka shiga tsakani don ba sunanka ake kira ba. Ku kuma iyaye, wanda ke ɗawainiya da ku kullum yana bukatar ya ji yabo da kunnensa, ba a bayan idonsa ba. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan labari, wataƙila akwai mai tankin da ya kamata ya janye tun yau.