Tikitin da Manong Santoy Ya Yanka da Kansa

A garin La Carlota, tsakiyar gonakin raken tsibirin Negros, an yi wani dattijo mai suna Crisanto Villaruel, wanda kowa ke ce wa Manong Santoy, domin a can Manong ake ce wa dattijo don girmamawa. Ba mugu ba ne, kuma ba marowaci ba ne. Aibinsa ɗaya: ba ya yarda wani ya tsara masa abu. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana tsara fitar motocin da ke kai rake masana'antar sukari, shi ke cewa wannan ta tashi, waccan ta jira, har abin ya bi masa jiki. Ko motar haya ya shiga sai ya koya wa direba hanya. Da ya bar aiki sai ya koma kiwon zakarun faɗa a bayan gida, su ma yana ba su umarni kamar suna ji.

Matarsa Consolacion, wadda ake kira Soling, ciwon mantuwa ya kama ta. Da farko shinkafa take mantawa a kan wuta. Daga baya ta fara sa silifas a firji, tana kiran jikokinta da sunayen mutanen da suka daɗe a kabari. Mutum ɗaya ne bai ɓace mata ba, shi ne Santoy. Ko tarinsa ta ji daga bakin ƙofa sai fuskarta ta washe. Likita ya gaya musu ƙarara cewa kada a raba ta da shi, domin masu irin wannan ciwon, idan abin da suke riƙe da shi ya kuɓuce musu, ba kasafai yake dawowa ba.

'Yarsu Divina, wadda ke aikin jinya a Singapore, ita ta kawo shawara. Aurensu zai cika shekara hamsin, kuma tana son su sabunta alkawarin aure tun Nanay, kamar yadda take kiran uwarta, tana gane wanda ke tsaye a gefenta. Soling tun tana budurwa take burin shiga babban jirgin ruwan nan na shaƙatawa, mai hawa-hawa kamar otel. Divina ta kama musu ɗaki a wani da zai tashi daga Singapore, ya biya ta Penang da Phuket, ya dawo. Ta shirya da kyaftin ɗin jirgin zai ɗaura musu alkawarin a tsakiyar teku. Tikitin jirgin sama kuwa ta bar wa kamfanin jirgin ruwan ya yanka musu, su uku. Ta ɗauki hutu ta zo gida don ta tafi da su.

Nan rigima ta tashi. Kamfanin ya sa su tashi tun ranar Alhamis, alhali jirgin ruwan sai Lahadi da yamma zai bar tasha. Ranar Asabar kuwa akwai babbar gasar faɗan zakaru a garin, kuma Santoy yana da wani jan zakara da ya daɗe yana kiwo don wannan rana, yana shafa shi safe da yamma fiye da yadda ya taɓa shafa kan jika.

Divina ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce idan kamfanin ne ya yanka tikiti, to wuyansa ne: jirgin sama ya makara ko an soke shi, su za su nemo wani, ko su bi da mutum tasha ta gaba. Amma wanda ya yanka da kansa, shi da Allahnsa, jirgin ruwa ba zai ƙara masa ko minti ɗaya ba.

"Inday, ni za ki koya wa tsara tafiya?" in ji shi, yana kiran ta yadda ake kiran 'ya mace a can. "Ina tsara motoci tun ba ki iya ɗaura zane ba. In je in zauna a otel ina kallon bango, su riƙa jan mu kamar awaki a igiya? Ki cire min na sama, ki bar min na ruwa."

"Tay," in ji ta, wato Baba a harshensu, "damina ce fa. Watan guguwa muke ciki."

"Guguwar ta aiko miki cewa tana tafe?"

Ta yi magiya, ta yi fushi, ta kawo maganar likita. Ya ce kwana nawa ne duka, ai uwarta ba jaririya ba ce. Ƙarshe ta gaji ta kira kamfanin aka cire sunansa daga jirgin sama. Shi kuma ya zauna a inuwar mangwaro da wayarsa, tabarau a kan hanci, ya yanko tikiti biyu na ranar Lahadin: ɗaya daga Bacolod, inda filin jirginsu yake, zuwa Manila da sassafe, ɗaya daga Manila zuwa Singapore a wani kamfanin daban. Tsakaninsu ɗan lokaci ne da bai fi a sha kofi ba. Ya bi abokansa yana nuna musu, yana cika baki cewa haka masu kai suke tafiya.

Ranar Alhamis da mota ta zo, Soling ta shiga ta matsa gefe ta bar masa wuri. Da ta ga an rufe ƙofa yana waje, sai ta fara ƙoƙarin buɗewa. Divina ta riƙe hannunta tana lallashi. Motar ta tafi fuskar tsohuwar na manne da gilashi. Santoy ya juya ya koma wajen zakarunsa.

Washegari gari ya tashi wani iri. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganyen rake ba ya motsi. Sama ta yi wani launi kamar ruwan ƙwai, zafi ya yi nauyi, tururuwa suka yi ta hawa bango a jere. Rediyo ya ce wata guguwa ta haɗu a gabas, tana tahowa a hankali, ba a san inda za ta faɗa ba tukuna. Maƙwabta suka fara hawa rufi suna ɗora tsofaffin tayoyi a kan kwano, masu kanti suna buga katako a tagogi. Duk unguwar ba ka jin komai sai ƙarar guduma.

Divina ta kira daga Singapore. Ta ce Nanay ta ƙi cin abinci, tana ta leƙa ƙofar ɗaki. Ta roƙe shi ya bar komai ya taho yau, tun ana tashi, ita za ta nemo masa kujera. Ya ce mata guguwa nawa ya gani a rayuwarsa, rabinsu arewa suke karkata. Amininsa Ambo, wanda ke ɗaura wa zakarunsa aska a ƙafa ranar gasa, shi ma ya sa baki. Pare suke kiran juna, wato aboki.

"Pare, ka tafi kawai. Ni zan kai zakaran, in ya ci in aiko maka da hoto."

"Kai da ko agwagwa ba ka iya riƙewa? Bar ni, Pare. Zakarana ba ya shiga fili ba na nan."

Ranar Asabar aka yi gasa, hadari na ta taruwa a saman rumfar. Jan zakaran ya ci. Bugu biyu ya yi abokin karawarsa ya kwanta. Aka ɗaga Santoy sama ana ihu, yana dariya har da hawaye. Sai dai kafin a sauke shi, iska ta farko ta daki rumfar, kwanon rufin ya yi wata ƙara kamar zai tashi, ihun ya mutu a bakin mutane. Kowa ya tattara kejinsa ya nufi gida ba sallama.

Da ya isa filin jirgi da safiyar Lahadi, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, bishiyoyin kwakwa sun rusuna gefe guda. Zauren ya cika da mutane zaune a kan jakunkunansu, babu mai magana da ƙarfi. Allon da ke nuna tashin jirage ya fara da cewa an jinkirta, can kuma ya koma an soke, layi bayan layi, har ya zo kan nasa. Ya tambayi labarin jiragen fito da ke tsallaka teku, aka ce an ɗaure su tun jiya.

Ya bi dogon layi ya isa gaban ma'aikaciyar kamfanin farko. Ta ce za su kai shi Manila idan gari ya lafa, iyakar abin da ke kansu ke nan. Ya kira kamfani na biyu. Suka ce jirginsu ya tashi a kan lokaci, Manila lafiya lau take, shi ne bai zo ba, tikitinsa ya ƙone. Ya ce ai guguwa ce ta tsare shi. Suka ce su ba su san da wani tikitin Bacolod ba.

A kusa da shi akwai wasu mata da miji, su ma jirgin ruwan nan za su shiga, sun makara saboda jana'izar wani ɗan'uwa. Wayar matar ta yi ƙara. Kamfanin jirgin ruwan ne, wanda shi ya yanka musu tikitin sama: su kwantar da hankalinsu, an kama musu kujeru a jirgin farko da zai tashi bayan guguwa, za a bi da su Penang, mota na jiransu a can. Santoy ya roƙi lambar ya kira. Wadda ta ɗauka ta saurare shi da ladabi, ta duba, ta ce ɗakinsa na nan a jirgi, amma zuwansa ba a hannunsu yake ba, tunda shi ya ce a cire. Idan ya iya kai kansa Penang, ya sanar da su a nema masa izinin shiga. Mutumin da ya saba ba da umarni, ran nan ya yi ta cewa don Allah, babu abin da ya canja.

Da yamma jirgin ruwan ya busa ƙaho ya bar Singapore. Divina ta gaya masa a waya cewa sai da ma'aikata biyu suka taimaka aka janye Nanay daga bakin matakala, domin ta ce ba a gama shigowa ba.

Guguwar ta wuce ta bar turakun lantarki a kwance. Da aka buɗe filin jirgi, mutanen da suka taru sun ninka kujerun da ake da su. Waɗancan mata da mijin suka wuce ta gabansa suka shiga, shi yana layin masu jiran ko wani zai fasa. Kafin ya kai Manila jirgin ruwan ya bar Penang. Ya nemi na Phuket, babu. Divina ta roƙi kyaftin aka ɗaga bikin, aka sake ɗagawa, har aka daina maganarsa. Ta ce kullum da la'asar Nanay takan sa farar rigarta ta zauna a bakin gado. Da farko tana tambayar ina Santoy. Daga baya ta koma tambayar ko nan ina ne. Ya ce a ba ta wayar. Ya yi ta kiran sunanta, numfashinta kawai yake ji.

Abin da ya rage masa shi ne ya je Singapore ya jira jirgin ya dawo. Ya sa farar rigarsa ta barong da aka ɗinka don bikin, ya tsaya a bakin ƙofar fitowa tun kafin jirgin ya matso. Mutane suka yi ta fitowa da hulunan rana da tsaraba, suna dariya. Can ya hango Divina tana turo keken marasa lafiya. Soling ta rame, idanunta na bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ruga ya durƙusa a gabanta ya kama hannunta.

"Soling, ga ni. Na zo."

Ta dube shi da kyau, ba fushi, ba murna. Sannan ta zare hannunta a hankali ta mayar kan cinyarta.

"Yi haƙuri, Manong, ni matar aure ce. Ɗan matsa, kana tare min hanya. Mijina nake dubawa."

Ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa. Divina ta kau da fuska. Soling ta rayu shekara biyu bayan wannan, a gida ɗaya da shi, shi ke ba ta abinci a baki, shi ke taje mata kai. Tana yi masa godiya kullum, irin godiyar da ake yi wa baƙo mai kirki. Ba ta ƙara kiran sunansa tana kallonsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba laifi ba ne mutum ya yanki tikitinsa da kansa, amma ya sani cewa ya ɗauki nauyin kansa ke nan, don haka ya tafi da wuri, ya bar wa tsautsayi fili, kada ya jingina tafiya mai muhimmanci a kan safiya ɗaya da kamfanoni biyu da ba su san juna ba. Idan kuma abin da ke jiranka a can ba ya maimaituwa, to ka sauke girman kai ka bar waɗanda aikinsu ke nan su ɗauke maka nauyi. Wanda ya ƙi jin shawarar masu ƙaunarsa don kada a ce an tsara masa, sau da yawa ba shi kaɗai yake shan wahalar ba, har da wanda ya dogara da shi, kuma akwai asarar da nadama ba ta mayar da ita.