Ilu da Ciyawar Kacalla

An yi wani mutum a zamanin da, wani bawan Allah masunci, a wani gari na bakin tafki. Sunansa Ilu. Ku saurara da kyau, jama'a.

Kacalla ce ta cinye musu tafki, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa. Su ƙone ta da rani, ta dawo da damina. Su ƙone, ta dawo, har ta fi da. Kifi ya ƙare. Da yunwa ta matsa, Ilu ya ɗauki komarsa ya tafi su a ruwan garin da ke gaba. Sarkin ruwan garin, Barmo, ya sa aka ƙwace komar, aka kore shi kamar ɓarawo a gaban mata masu wanki.

Ilu ya dawo gida. Ya shiga tafkinsu da lauje, yana yanka yana lura, har Allah Ya nuna masa cewa in aka yanke ta can ƙarƙashin ruwa, shaƙewa take yi ta ruɓe. Ya koya wa mutanen garinsu, tafki ya fara buɗewa.

To, ga jarrabawa ta zo. Kacalla ta ci ruwan su Barmo, sai ga Barmo a ƙofar gidan Ilu, kai a sunkuye, yana roƙon a koya musu dabarar.

Cindo, wan Ilu, ya ja shi gefe. "Kada ka kuskura! Ka manta komarka? Ce musu su ci gaba da ƙonawa."

Kada ku zaci Ilu dutse ne. Abin yana ci masa rai har ranar. Amma ya ce, "Yaya, in na ɓoye, Barmo kaɗai ne zai kwana da yunwa? Yaran garin fa, me suka ƙwace mini?"

Kuma bai tsaya faɗa da baki ba. Ya bi Barmo, ya tuɓe riga, ya shiga ruwa har ƙirji, matsattsaku na cizonsa, yana kama hannun kowa yana cewa, "Ƙasa, ƙasa sosai."

Da ya tasam ma ciyawar bakin gaɓa, sai Barmo ya riƙe laujen. "Malam Ilu, bar wannan. A nan kifi ke zuba ƙwai. In ka aske ta tas, ruwa zai buɗe, amma baɗi babu kifi."

Sai Ilu ya tuna su a tafkinsu tas suke askewa. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ƙara mini." Ran nan da jiƙaƙƙen wando ya koma gida, ya tsayar da masu yanka kafin su gama da sauran gaɓar.

Kun ji ko? Da ya ɓoye, da tafkinsa ya kashe da hannunsa. Sanin da Allah Ya ba ka amana ce, ba kayan ramuwa ba. Kai manomi, kai makaniki, ke mai ɗinki, akwai abokin sana'ar da kuke jin haushinsa, kun san shi. Ku je ku koya masa, sannan ku zauna ku saurare shi. Abin da ya rage muku ku sani, ƙila yana wurinsa.