Ranar da Haruffan Barnaba Suka Ɓace

Akwai waɗansu mutum biyu a wata ikilisiya, dukansu masu kyan rubutu. Ɗaya sunansa Sila, shi ke rubuta manyan haruffa a ƙyallen da ake ratayewa a ƙofar majami'a. Haruffansa na ado ne. Gefe ɗaya na harafi mai kauri, ɗaya gefen siriri kamar zare, kowanne kuma da 'yan ƙafafunsa. Tun daga bakin titi ake karanta su. Ɗayan shi ne Barnaba, mai rubuta baitocin waƙa da ƙananan haruffa marasa ado, a buga a inji, a raba wa jama'a.

Kowace Lahadi mutane sukan tsaya su yaba ƙyallen Sila. Takardar Barnaba kuwa, da an gama waƙa sai a yi fifita da ita. Shekara bakwai ba wanda ya ce masa sannu. Kishi ya cika shi, har gaisuwar Sila ma da ka yake amsawa.

Da bikin godiyar kaka ya matso, zumuntar mata suka shirya sabuwar waƙa wadda ba su kai ga haddacewa ba, suka ba Barnaba ya rubuta. Barnaba ya ce a ransa, "Wai Sila ya fi ni hannu ne?" Ya kwana uku yana kwaikwayon haruffan Sila, ya matse su ƙanana domin baiti shida su shiga shafi ɗaya. A idonsa sun yi kyau ƙwarai. Amma inji bai ɗauki siraran layukan ba, sai masu kaurin. Shi kuwa don ɗokin yabo, ko dubawa bai yi ba.

Ranar biki majami'a ta cika, aka soma kiɗa. Mama Rifkatu, shugabar mata, ta kawo takardar kusa da ido, ta nisantar da ita, ba ta ga komai ba sai sanduna a jere kamar shinge. Ganga tana ta tashi, ba murya ko ɗaya. Sai ta juya ta ce, "Malam Barnaba, ina rubutun nan naka da nake karantawa ko ba tabarau?"

Wannan ne yabo na farko da ya taɓa ji, kuma a ranar da ya yar da abin da ake yabon.

Ma'anar wannan misali ita ce, babban harafi mai ado an yi shi ne domin ya kira mutane daga nesa, ƙarami marar ado kuma domin su yi waƙa bayan sun shigo. Haka Ubangiji ya rarraba baiwa a cikinmu. Kai da kake share majami'a kana hararar mai wa'azi, ke da kike dafa wa baƙi kina jin haushin mai ba da waƙa, ku ji da kyau. Barnaba ya ɗauka shirun mutane raini ne, alhali kuwa shekara bakwai bakinsu yana cike da waƙar da ya rubuta musu.