Dutse Mai Tsagi a Gonar Muldi

Akwai wani manomin zaitun mai suna Muldi, a wani ƙauye da ke gangaren tsaunukan Tabursuƙ. Gonarsa na maƙwabtaka da ta wansa Hattab, a ƙasan kangon tsohon garin Rumawa, inda awaki ke kiwo a tsakanin ginshiƙai.

Da mahaifinsu ya rasu an raba musu gonar da ya bari lami lafiya, in ban da wuri ɗaya. A tsakiyarta akwai wani dogon dutse kwance cikin ƙasa, da tsagi miƙaƙƙe a kansa. Hattab ya ce ubansu ne ya sassaƙa layin da hannunsa don ya zama iyaka. In an bi layin kuwa, tsohuwar bishiyar da ta fi kowacce ba da mai ta faɗa ɓangarensa.

Muldi ya ce shi dai bai taɓa ganin ubansu yana sassaƙa dutse ba.

"Wato ƙarya nake yi?" in ji Hattab.

"Ban ce ba, Yaya. Riƙe bishiyar."

"Ba kyauta ka ba ni ba, tawa ce. Daga yau kada ƙafarka ta ƙetare layin nan."

Muldi bai ƙetare ba. Ya ci gaba da nomansa, ya aurar da 'ya'yansa, kullum da safe ya zauna a inuwa ya tsoma burodin da matarsa Mabruka ta gasa cikin man zaitun, ya gode wa Allah. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kowace safiya yakan yi wa wansa sallama daga nasa ɓangaren, Hattab kuwa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Har furfura ta cika kawunansu ana haka. Tsoron Muldi shi ne a ɗauki ɗayansu zuwa maƙabarta ba su sake sa hannu cikin kwano ɗaya ba.

Mabruka takan tsokane shi. "Kullum kana gaida bishiya. Ran da ta amsa ka zo ka ba ni labari."

"Tana ji, Mabruka. Taurin kai ne irin na gidanmu."

Wata shekara ruwan sama mai ƙarfi ya zaizaye ƙasar da ke gefen dutsen, wani gini ya leƙo. Masu tonon kayan tarihi suka zo daga birni, shugabarsu wata mata mai suna Nabiha. Ta nemi izinin 'yan'uwan biyu.

Hattab ya ce, "Ku tona abin da za ku tona, amma kada wanda ya motsa iyakar ubana."

Suka yi ta aiki a hankali da ƙananan tsintsiyoyi. A ɓangaren Hattab suka tarar da titi shimfiɗe da duwatsu, har da sawun ƙafafun amalanke. A ɓangaren Muldi kuma wani ƙaramin ɗaki ya fito, da teburin dutse mai ramuka inda ake kafa randuna, da fasassun tuluna, da ƙwallayen zaitun da suka ƙone.

Rannan rabin ƙauyen na tsaye ana kallo, Nabiha ta durƙusa ta shafa tsagin. Ta ce da Hattab, "Baba, wannan ba iyaka ba ce. Bakin ƙofar shago ne na zamanin Rumawa. A cikin tsagin nan mai shagon ke jera allunan katako in zai rufe, da safe ya zare su. Dubi nan gefe yadda dutsen ya lotsa. Ƙafafun masu saye ne suka cinye shi."

Wani daga baya ya ce, "Ashe marigayi ya daɗe a duniya, har ya yi wa Rumawa aikin ƙofa." Aka bushe da dariya. Muldi bai yi ba. Hattab ya gyara hularsa ya tafi gida, ya daina fitowa gona.

Mutane suka yi ta zuga Muldi ya je wurin alƙali ya karɓo bishiyarsa, tunda hujjar wansa ta rushe. Shi kuwa ya ce, "Ba bishiya na rasa ba."

Da aka gama tono, hukuma ta kewaye wurin ta danƙa wa Muldi kula da shi. Yakan share ɗakin, ya shimfiɗa tabarma kusa da teburin dutsen, ya dafa shayi saboda baƙi masu zuwa kallo.

Wata safiya yana hura gawayi, ya ɗaga kai ya ga Hattab tsaye a kan titin Rumawan, dogare da sanda.

"Dutsen na zo gani, ba kai ba."

"Ga shi nan, Yaya. Bai je ko'ina ba."

Hattab ya daɗe yana kallon tsagin. Can ya ce, "An ce za ka kai ni ƙara."

"Wanda ya faɗa maka haka, shi ya kai ka. Ni bayana ba zai iya girbin bishiyar nan ba." Muldi ya zuba shayi a ƙaramin kofi ya ajiye a kan teburin. "Ka san dai ba a barin mutumin farko ya juya daga ƙofar shago. Kasuwar ranar ba ta albarka. Shigo ka buɗe mini kasuwa."

Hattab ya sa ƙafar dama daidai inda dutsen ya lotsa, ya yi bismillah, ya ƙetare. Ya zauna a tabarmar da ƙyar, ya kurɓi shayin, ya yamutsa fuska.

"Sukari ya yi yawa. Tun kana yaro hannunka ba ya tsayawa."

"To gobe ka zo ka dafa da kanka."

Hattab ya miƙa masa kofin don ya ƙara. "Zan zo. Ka ce wa Mabruka ta gasa burodin mutum biyu."

Darasi: Sau da yawa abin da muke ɗauka iyaka ce tsakaninmu da ɗan'uwa, ƙofa ce da ba mu gane ba. Ranar da gaskiya ta bayyana a ɓangarenka, kada ka mai da ita sanda. Sauƙaƙa wa wanda ya ji kunya hanyar dawowa, domin kwanakinmu ba su da yawan da muke zato. Ku tura wa wasu, wataƙila ya isa ga wanda ke jiran a ce masa shigo.